Dangana a Bayan Kunnen Sallau

Katin ƙarshe ya juyo, sai ga bakwai. Sallau Getso yana riƙe da sarakuna biyu tun farkon zagayen, amma wani ɗan wasa daga wata ƙasa mai nisa, wanda ko sunansa ba ya karantuwa, ya haɗa bakwai uku ya kwashe teburin kaf.

"Innalillahi," in ji Sallau.

Wani ɗan abu mai kamar ƙwayar wake da ke manne a bayan kunnensa na dama ya yi ɗumi, ya ƙyafta koren haske. Daƙiƙa uku, bai fi ba. Zafin da ya taso masa daga ciki yana hawa maƙogwaro ya tsaya a hanya, ya koma, ya ɓace. Bugun zuciyarsa ya sauka, yatsunsa da suka dunƙule suka saki. Ya cire tabarau ɗin wasan, koren teburin ya watse a iska, ya ga kansa a rumfar hutun ma'aikata, ga rana tsaka, ga kwanon abincinsa. Ya buɗe ya ci dambunsa har da suɗe hannu. Kwana hamsin da uku ke nan a jere ana cinye shi.

Sallau ma'aikaci ne a Gonar Madubai, filin da ke ba birnin Sabuwar Tiga wuta. Madubai dubu ɗari ne ke bin rana daga gabas zuwa yamma, mutum-mutumi ɗari huɗu ke goge su, shi kuwa aikinsa ya zauna ya sa musu ido. Wanda ya tsaya ya tayar da shi, wanda ya ɓata hanya ya dawo da shi layi. To, mutum-mutumin zamanin ba sa tsayawa, ba sa ɓata hanya. Zaman banza ya yi wa bawan Allah yawa, ga tabarau, ga yanar gizo, ga wannan karta da ake kira foka, wadda ake yinta da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Da wasa da wasa ya shiga. Shekarar farko yana ci ana cinsa, ba laifi. A ta biyu sa'a ta juya masa ƙeya, ta ƙi ko waiwaye.

Ba asarar ce ta kusa kashe masa aure ba, don Sallau, a yi masa adalci, bai taɓa taɓa cefanen gida ba. Halin da yake komawa gida da shi ne. Ya shigo fuska a murtuke, a gaishe shi ya amsa da hanci, miya ta yi gishiri, fanka ta cika ƙara, 'yarsu Hanne ta cika surutu. Ranar da ya daka wa yarinyar tsawa har ta saki kofi ya fashe, don kawai ta ce ya zo ya ga zanenta, matarsa Saude ta jira har ya gama huci, sannan ta zauna a gabansa.

"Baban Hanne," ta ce, "ni ban san wa ke cinye ka a cikin tabarau ɗin nan ba, amma mu ne muke biyan fushin. Na gaji. Ka sake shigo mana da wannan fuskar, wallahi gidanmu zan tafi."

Sallau yana son Saude, so na gaske, irin wanda Bahaushe ba ya faɗa sai dai a gani. Mai hankali da ya ji wannan magana sai ya ajiye kartar. Shi kuwa gogan sai ya hau jirgin igiya ya nufi Kasuwar Sama, hawa na goma sha ɗaya, shagon Injiniya Tasalla, ya ce a manna masa Dangana.

Dangana ita ce na'urar da 'yan karta ke yayi a lokacin. A wata ƙasa aka ƙera ta, 'yan kasuwar birnin ne suka raɗa mata suna. Injiniya Tasalla, dattijuwa ce mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, ba ta iya ɓoye magana ba.

"Ka ji ni da kyau, Malam," ta ce tana goge masa bayan kunne da auduga. "Abin nan ba ya kawo sa'a. Kati ba shi da tunani, bai san an cinye ka jiya ba, injin da ke rabawa kuma ba gaba yake yi da kai ba. Mutum yana iya yin wasa daidai wata uku ana kayar da shi, haka lissafin yake. Abin da ke halaka ku shi ne zuciya, a cinye ku ku ce sai kun rama. Wannan zafin kawai take kashewa."

"Ai shi nake nema, Hajiya."

"Da ka daina wasan ma da ya fi sauƙi."

"Za a daina," in ji Sallau, yana kallon rufi.

Yadda take aiki ba wuya. Duk abin da ya sami mutum, ƙwaƙwalwa tana ajiye shi gida biyu: labarin abin, da ɗacinsa, da wani siririn zare da ke haɗa su. Shi ya sa in ka tuna sai ka ji. Dangana ba ta taɓa labarin. Zaren take bi, tun yana ɗanye, ta ƙona shi da 'yar wutar da ba ta kai ta tashi ƙuda ba. Amma ba ta san rashi da kanta ba, sai an ba ta alama. Mai ita zai zaɓi kalma guda, in ya faɗa ta tashi aiki.

Tasalla ta ce ya zaɓi kalmar da ba ya amfani da ita. Ya zaɓi "tulu". To, wa zai tuna da tulu alhali an kwashe masa sarakuna biyu? Mako guda yana shan kaye, tulu bai taɓa zuwa bakinsa ba, sai bayan zafin ya gama cinsa. Haushi ya sa ya shiga saitin da kansa, ya danna wurin da aka rubuta cewa na'urar ta saurara ta zaɓi abin da baki ya saba furtawa. Waɗanda suka ƙera ta, a ƙasarsu zagi ake saki in an sha kaye, kuma da zagin suka gwada ta. Ba su san akwai mutanen da ko cokali ne ya suɓuce musu sai sun yi salati ba. Kwana biyu tana saurare, ta kama kalmarta.

Gida ya gyaru, kai ka ce an sauya mutum. Sallau yana shigowa da sallama har da murmushi, ya yaba miya, ya zauna a tabarma Hanne ta zana masa raƙumi mai ƙafa shida ya ce ya yi kyau. Saude ta ga ƙwayar waken, ta tambaya, ya gaya mata gaskiya. Ta taɓe baki, ta ce, "In dai za a zauna lafiya." A teburin kuma ana ta cinye shi, amma yanzu sai ya tashi a lokacin da ya ɗiba wa kansa, ba ramuwa, ba ƙari. Har ya fara ba wasu 'yan wasa shawara a zauren hira na yanar gizo, cewa rashin sa'a baƙo ne, a ba shi wuri ya zauna, zai tafi.

Wata Talata da hantsi, yana tsaye yana duba wani mutum-mutumi da tsuntsu ya yi wa sheƙa a kafaɗa, agogon hannunsa ya yi ƙara. Kawu Barau ne, ƙanen mahaifiyarsa.

"Sallau, ka yi haƙuri. Allah ya yi wa Inna Dije rasuwa yanzun nan. Ta idar da walaha ke nan, ta jingina da bango, shi ke nan."

Ƙasa ta juya masa. Wani abu ya taso daga tafin ƙafarsa, ya cika ƙirjinsa, ya danne numfashi. Inna, wadda ta raine shi ita kaɗai da kuɗin ƙosai. Inna, wadda ranar Juma'ar da ta wuce ta ce ya zo ya karɓi daddawa ya ce sai wani makon. Bakinsa ya buɗe da kansa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Bayan kunnensa ya yi ɗumi.

"Sallau? Kana ji na?"

"Ina ji, Kawu," ya ce, murya sumul. "Ƙarfe nawa za a yi jana'iza? Bari in rufe rajistar aiki in taho."

A cikin jirgin igiya zuwa Getso ya yi mamakin kansa kaɗan, amma mamakin bai da haƙora. Ko cire na'urar bai zo masa a rai ba, don wanda ba ya jin ciwo ba ya neman magani. Da ya ga takalmanta a bakin ƙofa abin ya sake tasowa, ya yi salati, ya kwanta. Da aka fito da makara ya taso, ya yi salati, ya kwanta. Shi ya shiga kabari ya karɓe ta, ya gyara mata kwanciya, hannunsa ko rawa bai yi ba. Kwana uku ana zaman makoki a ƙofar gida, duk wanda ya zo ya ce, "Ya haƙuri?" sai ya tuno masa wani alherin Inna, Sallau ya yi salati, ya ce, "Da godiya." Kowane zuwa abin yana raguwa. A rana ta uku ya daina tasowa.

Mutane suka yi ta sha'awarsa. Kawu Barau, wanda idanunsa suka kumbura, ya nuna shi ga dattawa ya ce, "Ku dubi yaron nan. Wannan shi ne tawakkali. Ni da furfurata na kasa, shi ko gezau." Wani malami ma ya kawo shi misali a cikin nasiharsa. Hular Sallau ta rufe bayan kunnen, ba wanda ya ga komai.

Saude ce ta gani. Bayan addu'ar uku aka kira shi cikin gida a duba kayan marigayiya. Ɗakin yana nan da ƙamshinta, man kaɗanya da turaren wuta. Ya ɗauki carbinta daga kan sallaya, ya juya shi, leɓunansa suka motsa don sabo, koren haske ya ƙyafta a ƙarƙashin hula. Ya ajiye carbin ya dubi sama.

"Wannan fankar tana aiki," ya ce. "Wa zai ɗauka?"

Saude ta ja shi bayan rumbu, inda ba kowa. Muryarta ta dushe da kuka.

"Baban Hanne, abin nan ne ko? Da shi ka binne Inna?"

"Ban yi da niyya ba, Saude. Kalmar ce ta zo ɗaya."

"Ni surukata ce, kwana uku tuwo ya ƙi wuce mini maƙogwaro. Kai jiya har ƙari ka nema." Ta share ido da gefen mayafi. "Ni ba cewa na yi ka daina jin zafi ba. Cewa na yi ka daina kawo mana shi gida. Yanzu in ni ce na faɗi, haka za ka tsaya kana tambayar wa zai ɗauki fanka?"

Ya buɗe baki zai yi salati, ta ɗaga masa hannu da sauri.

"Kada ka faɗa! Kada ka faɗa a kaina." Ta ja numfashi. "Wallahi tsoronka nake ji. Mai fushin nan na da, ko ba komai na san mutum ne. Zan wuce gidanmu da Hanne har arba'in. Ranar da mutuwar Inna ta iso ka, ka zo ka ɗauke mu. In ba ta iso ba, kada ka wahalar da kanka."

A ranar ya kashe na'urar. Ya ɗauka kwana biyu abin zai dawo. Ya je kabarin ya zauna har inuwa ta juya, sai ya kama kansa yana lura da yadda tururuwa ke jan ƙwayar gero. Ya kunna tsoffin saƙonnin muryarta, tana faɗa masa ya rage shan sanyi, ya saurara kamar mai jin sanarwar tashar jirgi. Komai yana tune, ranar da ta goya shi zuwa asibiti cikin ruwan sama, ƙunar mai da ke hannunta na hagu, duk suna nan. Sai dai kamar labarin uwar wani ne aka ba shi. Gidan kuma ya yi faɗi. Ya san yana son Saude ta dawo, wannan zaren bai ƙone ba, shi kaɗai ya rage masa, ya kuma riƙe shi da kyau. Bayan mako biyu ya koma hawa na goma sha ɗaya.

Tasalla ta cire ƙwayar, ta ɗora ta a kan faranti, ta karanta abin da ke ciki. Ta sauke tabarau ɗin goshi ta ɗora a kan na ido, ta sake karantawa.

"Sau ɗari biyu da goma sha huɗu a kwana uku," ta ce. "Malam, wace kalma ka ba ta?"

Ya faɗa mata. Ta dafe kai.

"Kai, jama'a! Ba tulu muka yi da kai ba?"

"Tulun ne ba ya zuwa, Hajiya. A mayar mini da abin da ta ɗauka, ko nawa ne."

"Ba ɗauka take yi ba balle ta ajiye. Ƙonawa take yi." Ta dube shi da tausayi. "Kai ne na huɗu a bana. Na rubuta wa masu ita, sun ce za su gyara a sabon samfuri. Birnin nan mun tatsi ruwa daga iska, mun sa ƙarfe yana goge madubi, amma injin da zai matso hawaye ɗaya daga idon mutum, ba mu da shi."

"To, shi ke nan?"

"Akwai abu ɗaya, ban ce tabbas ba. Hanyar da ɗaci ke bi a ƙwaƙwalwarka ta toshe, kuma a teburin karta aka fara toshe ta. Ɗaya daga cikin ukun can, an yi masa mugun ci ba na'ura a kunnensa, hanyar ta ɓalle, har ɗacin rashin matarsa da ta rasu ya biyo. Kwana biyu yana kuka. Amma sai kana son cin da gaske, a ƙwace maka. Wanda ya zubar da gangan ba rashi ya yi ba, kyauta ya yi." Ta tura masa farantin. "Ni ce yau nake tura mutum caca. Allah ya yafe mini."

Sallau ya fito da sauƙin zuciya. In dai shan kaye ne, ai ya ƙware. Wata nawa yana sha ba fashi? Washegari da rana ya shiga rumfar hutu, ya sa tabarau, ya zauna a babban tebur, ya sa wa ransa son ci kamar yadda aka ce. Aka raba. Ya ci.

Ya ce sa'ar rana ɗaya ce. Kashegari ya ci. Ya shiga da tara da huɗu, katin da ko sabon shiga ba zai riƙe ba, katin ƙarshe ya juyo ya cika masa jeri. Ya tura duk abin da ke gabansa ba komai a hannu, 'yan wasa biyar suka tsorata suka ajiye nasu. Ƙananan zagaye sukan kuɓuce masa, amma kafin abin ya cije shi babba ya faɗo masa. Ran nan haushi ya sa ya zubar da sarakuna uku da gangan, ya zauna yana jira, ya ji daidai abin da mutum ke ji in ya zubar da ruwan wanke hannu. Sa'ar da ya yi wata da watanni yana kira ta zo ta tare a gidansa, ta ƙi tafiya. Teburin ya yi ta watsa masa furannin haske, ya sa sunansa a allon gwanaye. Waɗanda yake ba shawara a zauren hira suka yi ta taya shi murna, suna cewa haƙurinsa ne ya biya.

Ranar arba'in aka yi sadaka a Getso, aka raba waina da gumba, aka watse kafin azahar. Sallau ya kama hanyar gidan surukansa. A bakin tasha ya wuce wata mai sayar da albasa, ya tsaya, ya daɗe yana kallon tiren. Ɗaya ta isa. In ya murza a ido a bakin ƙofa, ya shiga da jajayen idanu, gobe war haka Hanne tana zane a tabarmarsa. Har ya sa hannu a aljihu. Sai ya ga wannan ma wata Danganar ce, ya cire hannunsa ya wuce.

Aka yi masa iso, ya zauna a zaure. Saude ta fito, ta rame, ta tsaya a bakin ƙofar ciki tana duban idanunsa. Ta daɗe tana dubawa, da fata a fuskarta ƙarara, don ita ma tana son komawa.

"Ta iso?" ta ce a hankali.

"Na cire abin, Saude. Na je kabari, na yi duk abin da aka ce." Ya sunkuyar da kai. "An ce sai an cinye ni. Kwana ashirin da biyu ke nan ina ci."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta juya ta shiga ciki. Jim kaɗan ta dawo da ruwa a kofin tangaran na baƙi, a kan faranti, ta durƙusa ta ajiye a gabansa, ta ja baya.

"Sannu da zuwa, Malam Sallau," ta ce. "Ya hanya? In za ka ga Hanne, ranar Asabar ba ta da makaranta."

Ya gane. Ba abin da ya ɓace masa a maganar, daga sunan har kofin. Ya ɗauki ruwan da hannu biyu, yana sha a hankali, yana sauraren ƙirjinsa, yana jira abin ya taso. Ya kama bakinsa gam don kada wata kalma ta fita, ko da yake ba sauran abin da zai ji ta a bayan kunnen. Ya jira har ruwan ya ƙare, har Saude ta ɗauke kofin ta shige, labulen ya daina motsi. Ba abin da ya zo.

Ya ce wa zauren, "Na gode." Sannan ya tashi ya sa takalmansa, don jirgin ƙarfe huɗu ba ya jiran kowa.